Buhunan Babana Sun Riga Ni Ɗaki

Ni ɗan fari ne, kuma a gidanmu a Zakka wannan ba ƙaramin hukunci ba ne. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin babana ba. In yana nemana sai ya ce, "Ina wancan?" In ina zaune kusa da shi yana son buta, sai ya dubi katanga ya ce, "A kawo buta." Inna kuwa har gara shi, don in na doshi ɗakinta nan take za ta tuna tana da aiki a tsakar gida. Kunya ce irin ta mutanen da, na tashi na same ta, na kuma ɗauke ta har na fi su iyawa. Duk wata magana mai nauyi tsakanina da su ta bakin Gwaggo take bi, ƙanwar babana da ta riƙe ni bayan yaye. Ita ce gidan wayarmu, ba ta hutun Asabar ba ta na Lahadi.

Na yi shekara guda a wata kwalejin koyon aikin lafiya a ƙasar Zamfara. Karatu na tafiya daidai, hanya ce ta lalace. Sau biyu motarmu tana juyawa daga tsakiyar daji saboda an tare gaba. Gwaggo ta ce duk ranar da zan taso Inna ba ta sa komai a bakinta sai an ce na iso. Don haka na nemi canji zuwa wata ƙaramar kwaleji mai zaman kanta a bakin garin Batsari, kusa da gida. Takardu suka yi ta jan ƙafa, ba su fito ba sai da kaka ta kama, zangon karatu ya yi nisa. Tsohuwar makarantar ta miƙo mini fayil ɗina, ta soke sunana, muka yi sallama.

Ana saura kwana kaɗan in taso Gwaggo ta kira ni.

"Babanka ya ce a tambaye ka, wurin kwana hwa? Ka samu?"

Na taɓa kiran wani ma'aikacin sabuwar kwalejin na tambaye shi ko suna da ɗakunan kwanan ɗalibai, ya ce akwai. Gaskiya ya faɗa, akwai su. Ni ne ban tambaya ko da mutane a ciki ba. Ga shi kuma ina tsaye cikin abokai, ga girman kan ɗan makaranta, ga tunanin cewa na ɗora wa tsohon nan nauyi ya isa haka.

"Gwaggo, ki ce mashi an gama komai. Makaranta ta ba mu ɗaki."

"Ka tabbata?"

"Har da katifa," na ce.

Har yau ban san daga ina katifar nan ta faɗo bakina ba. Babu wanda ya tambaye ni ita.

Ranar Litinin na sauka a Batsari da jakata, ban ko biya gida ba. Matar da ke ofishin rajista ta duba takarduna ta ce komai ya cika. Da na tambayi ɗaki sai ta sauke tabarau ta dube ni da tausayi. Ɗakunan sun cika tun makon farko, har ana kwana a ƙasa. Ta ba ni wani fom ta yi mini bayani a hankali. Saboda halin da ƙasa take ciki, ba a yi wa ɗalibi rajista sai an san inda yake kwana. Mai gida zai sa hannu, mai unguwa zai zo ya ga ɗakin da idonsa ya buga hatimi. In Juma'a ta sama ta wuce ban dawo da fom ɗin ba, an rufe rajista, takardar canjin kuma ta wannan shekarar ce kaɗai. Na tsaya ina juya takardar a hannu. Can an soke ni, nan ba a rubuta ni ba, saura kwana goma sha ɗaya.

Ban ruɗe sosai ba a lokacin, don ina da inda zan dosa. Kowane baƙauye yana da mai masauki a gari, gidan da yake ajiye kaya ranar kasuwa, ya yi salla, ya sha ruwa. Na babana wani dattijon mahauci ne, sun fi shekara talatin tare, tun ana zuwa Batsari a kan jaki. Gidansa yana da shago, wato ɗakin waje mai ƙofa a bakin titi, irin wanda ake ba saurayi. Na same shi a ƙofar gida yana wasa wuƙa. Na durƙusa muka gaisa, ya tambayi gajiya, ya tambayi hanya, ya tambayi mutanen Zamfara kamar ya san su ɗaya bayan ɗaya. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai ya daina wasa wuƙar.

"Kai da anka ce makaranta ta ba ka ɗaki har da katihwa?"

Na sunkuyar da kai.

"Yaro, ubanka tun da damina ya roƙe ni shagon ga. Shi da kanshi ya sawo siminti ya liƙe ramun ɓera, ya canza ƙyaure. Ya ce kar in ba kowa, na yaron nan ne in an ba shi canji. Mutum nawa na kora sabo da kai? Da saƙo ya zo ka samu wuri, sai ran Alhamis ya kawo hatsinshi ya zuba. Makulli na wurinshi."

Na tashi na leƙa ta kafar taga. Buhuna ne jere a kan katako, tun daga ƙasa har kusa da rufi, gero da dawa da wake. Ko a mafarki na san ɗinkin bakin buhun babana, da shuɗin zare yake yi, ya ƙulla sau biyu. Bara waɗanda ba a son ambata sun shigo Zakka sun cinna wa rumbunanmu wuta, muka ƙarasa shekara da taimakon dangi, tuwo sau ɗaya a yini. Shi ya sa bana bai bar dami ko ɗaya a rumbu ba, ya sa aka sussuke duka ya kawo gari. Abincin mutum goma sha ɗaya ne a bayan wannan ƙwadon. Ɗaki kuma nawa ne, an share mini shi tun da damina ban sani ba, na mayar da shi da bakina.

"Baba, don girman Allah kar ka gaya mashi," na ce. "Zan samu wani."

Ya ajiye wuƙar ya ce, "To. Ciki ba don tuwo kaɗai anka yi shi ba. Ka kwana zaure kahin ka samu."

A zauren na tarar da tsofaffi uku, dangin matarsa da suka gudo daga Wagini, kowa da ƙunshinsa a matsayin matashi. Cikin gidan ma cike yake da matansu da jikokinsu. Suka matsa mini na shimfiɗa tabarma kusa da ƙofa. Wurin kwana dai na samu, amma babu mai unguwar da zai buga hatimi a kan zaure.

Washegari aka haɗa ni da wani tela da ke dillancin gidaje. Da ya ji buƙatata ya yi dariya har sai da ya cire ƙafa daga kan keke.

"Da kaka kake neman ɗaki a Batsari? Malam, kai baƙo ne ko daga sama ka hwaɗo? Rabin ɗakunan garin ga 'yan gudun hijira ne, rabi hatsi ne. Kuma in ka ba mai gida zaɓi, hatsi zai ɗauka. Ba ya wanka, ba ya shiga bayi, ba ya kawo abokai, ba ya kallon matan gida. Kai mi ka fi shi da shi?"

Na ji kamar in kwaɗa masa almakashinsa. Haushin da ya fi ci na shi ne gaskiya ya faɗa.

Duk da haka ya zaga da ni. Gidan farko mai gidan ya tambaya ko ina da iyali, na ce a'a, ya ce ba ya sa gwauro kusa da 'ya'yansa mata. Gida na biyu ɗakin babu rufi, awaki ne a ciki, mai shi ya ce in na rufa da kaina bismilla. Wata tsohuwa mai takaba ta tausaya mini har ta ɗauko makulli, sai ta ce bari ta kira ɗanta da ke aiki a birni. Ina jin muryarsa ta waya yana cewa, "Iya, wa kika sani? A wannan zamanin?" Ta mayar da makullin cikin lalitarta tana ba ni haƙuri. A wani gidan kuma hira ta yi daɗi, mai gidan har ya sa an kawo mini ruwa, sai ya tambayi daga ina na yi canji. Da na ce Zamfara fuskarsa ta sauya, ya ce Allah ya ba da sa'a, ya shige ciki. Ban yi nisa ba wasu 'yan sintiri biyu suka tare ni, wai an ga baƙo yana leƙen gidaje. Suka ce in nuna kati. Na ciro katin makarantar da ta soke ni, na sabuwar kuwa ba a ba ni ba. Sai da aka kira Baba mahauci daga kasuwa, da jini a hannunsa, ya ce ɗan amininsa ne, sannan suka sake ni.

Da safe nakan je aji in zauna can baya. Malami ya kira sunan kowa ya rufe littafi, ni ina zaune kamar kujera. 'Yan ajin ba mugaye ba ne, sai dai sun riga sun haɗa kansu tun bara, kowa da abokan ɗakinsa. Wanda ya zo tsakiyar zango kamar wanda ya zo gidan biki ne bayan an raba tuwo. Wani ɗan Darini ya ce in zo mu matsu, su huɗu ne in zama na biyar. Na ɗauko jakata da murna. Ashe mai gidansu takalma yake ƙirgawa a ƙofar ɗaki. Ya ce da huɗu aka yi magana, huɗu mai unguwa ya sani, in na biyar ya kwana duka biyar ɗin su nemi wani wuri. Na sake saɓa jakata na koma zaure, tsofaffin Wagini suka sake matsa mini.

Alhamis ta farko, ranar kasuwa, na yini a makaranta ina ɓuya kar in yi karo da babana. Da yamma Baba mahauci ya ce wahalar banza na yi, bai zo ba, suna roron wake. Gwaggo ta kira sau biyu a makon nan tana tambayar ɗakin makaranta. Na ce lafiya lau, akwai ma fanka. Ƙarya in ta fara haihuwa ba ta san tazara ba.

Ranar Litinin ta biyu wani ya ce an ga ɗaki a Safana. Na san fom ɗin hatimin mai unguwar Batsari yake so. Na san darasi ba ya ƙarewa sai bayan la'asar, lokacin da babu ɗan acaɓa mai hankali da zai hau wannan hanyar. Na san duk wannan, na hau mashin na tafi, don zama wuri ɗaya ya fi ƙarfina. Ɗakin yana nan kuwa, fes, da siminti da taga biyu, mai shi dattijo mai fara'a, ya ce yau ma in ina so in tare. Na tsaya a tsakiyar ɗakin ina kallon bango. Kwana takwas ina neman wanda zai ce mini to, ga shi an ce, kuma ba ta da amfani. Na ce zan yi shawara.

A tashar Safana na hango maƙwabcinmu na Zakka yana ɗaure buhun taki a bayan mashin. Na faɗa bayan rumfar mai shayi na tsuguna kamar ɓarawon kaza. Daga nan zuwa ƙofar gidanmu ba nisa, da na hau bayansa da kafin azahar ina gaban Gwaggo. Abin da zan faɗa bai fi kalma biyar ba, ban samu ɗaki ba, Baba. Amma in na faɗa, na san abin da zai yi, zai kwashe abincin gidan ya mayar da shi bakin wuta saboda ni. In ban faɗa ba, shekarar da ya sayar da bijiminsa ya biya ta tafi a banza. A bayan rumfar nan na yi kuka, kuka sosai da majina, mai shayi yana leƙowa yana tambaya ko rasuwa aka yi mini.

Ranar Laraba na je wurin mai unguwa da kaina. Na durƙusa na gaya masa komai, na roƙe shi ya buga hatimi a kan shagon, tunda dai ɗakin babana ne, ni kuma ina kwana a zauren gidan. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ma taso ya biyo ni ya ga ƙwadon da idonsa.

"Ɗana, na yarda da kai," ya ce. "Amma takardar ga cewa ta yi kana kwana cikin ɗakin ga, kuma ba ka kwana ciki. In na sa hannu kan abin da ban gani ba yau don kai na kirki ne, gobe wanda ba na kirki ba zai zo da irin labarinka. Ka buɗe ɗaki ka shimfiɗa tabarma, ko da tsakar rana ne ka kira ni."

Yana tafiya na juya kan Baba mahauci. Na ce a fasa ƙwadon, in ture buhu biyu in samu wurin tabarma, babana ba zai taɓa sani ba. Ya ce ba a fasa ƙwadon amana. Ya ce ban da haka ma, an sa wa waken ƙwayar maganin ƙwari, wanda ya kwana a rufe da ita sai dai a fito da shi.

"Kai da kake karatun lahiya ni zan gaya ma wannan?"

Na sani sarai, mun ma yi shi a aji. Amma idona ya rufe. Na ɗaga murya ga dattijon da ya ba ni wurin kwana ya kuma karɓo ni daga hannun 'yan sintiri. Na ce to a bar ni in shiga in mutu mana, ai ya fi wannan wulaƙancin, kowa a garin nan buhu ya fi masa mutum daraja. Tsofaffin Wagini suka leƙo daga zaure, mutanen da suka bar gidajensu da gonakinsu, suna kallon ɗan makaranta yana ihu a kan ɗaki. Har yanzu in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni.

Baba mahauci bai yi fushi ba. Ya kakkaɓe rigarsa ya ce, "Na riƙe maka kwana tara. Amma amanar ubanka ta girmi taka." Ya ciro wayarsa daga aljihu ya shige cikin gida.

Ranar Alhamis da hantsi wata a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gidan. Babana ya sauko daga gaba da tsohuwar rigarsa ta zuwa kasuwa, 'yan dako biyu suka diro daga baya. Na durƙusa har ƙasa na ce, "Baba, ina kwana." Ya ce, "Lahiya lau," yana kallon tayar mota. Ya wuce wurin amininsa suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, iyali, gajiya, kasuwa, amfanin gona, ciwon ƙafar da ya dame shi bara. Ina durƙushe ina jiran faɗa, ina ma roƙon Allah ya yi mini faɗan, ko mari ne, in samu sauƙi. Ya laluba aljihu ya ciro makulli ya buɗe shagon, ya ce wa 'yan dako bismilla.

Buhu na farko da ya fito na ji kamar daga cikina aka zaro shi. Na miƙe na yi abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni, na tsaya a gabansa na yi masa tambaya kai tsaye.

"Baba, ina za a kai su?"

Ya juya wajen Baba mahauci. "Ka ce ma yaron nan hatsi ba ya zuwa makaranta."

Na rasa abin yi, sai na kama buhu zan taya ɗauka. Ya ce, "A ce mashi ya aje, zai ɓata rigar makaranta." Na ajiye. Haka na tsaya ina kallo har aka kwashe su tas, mota ta lotsa. Ya karɓi tsintsiya ya share ɗakin da kansa, ya buɗe taga, ya ce wa amininsa a bar shi ya sha iska sabo da magani, kar a kwana ciki sai gobe. Sannan ya sa ɗan dako ya sauko da wani abu da aka naɗe aka ɗaure a saman mota. Katifa ce, ba sabuwa ba, an yi mata riga da atamfa mai ruwan ganye.

"A sa mashi wannan," ya ce, "tunda ta makaranta ba ta iso ba."

Baba mahauci ya yi dariya har da tari. Ni kuwa da ƙasa ta tsage da na shige. Babana ya cire ƙwadonsa ya sa a aljihu, ya ce a sayi wani. Makullin ƙyauren kuma ya miƙa wa amininsa, ko da yake na fi kusa da shi, shi kuma ya miƙo mini. Ya hau mota suka tafi, bai ko shiga kasuwa ba, don su isa da rana.

Da la'asar mai unguwa ya zo ya ga katifa a shimfiɗe ya buga hatimi. Ranar Juma'a da safe matar ofishin rajista ta karɓi fom ɗin ta ce, "Ka ga, da ma na san za ka samu." Na ce mata na gode.

Ban ji daɗin ɗakin nan ba ko na yini ɗaya. Shatin katakon da aka ɗora buhuna yana nan a kan siminti, ƙwayoyin gero suna maƙale a kusurwa. Kullum da safe kafin in tafi aji sai na biya tasha na tambayi 'yan acaɓan da suka fito daga wajen Safana ko lafiya aka kwana a Zakka. Har suka gane ni, tun daga nesa suke ɗaga mini hannu su ce lafiya. In na tambayi Gwaggo inda aka zuba hatsin sai ta ce yana wuri mai kyau, in yi karatuna. Na ɗauka sabon rumbu aka yi, kuma kullum ina ganinsa a raina yana ci da wuta.

Sai da aka yi hutu, sanyi ya shigo sosai, na je gida. Na ga sabon rumbu a bayan gida, na leƙa, babu komai a ciki sai ƙaiƙayi. Na shiga tsakar gida na ga ƙofar ɗakin Inna a rufe, da ƙwadon nan na shago a jiki. Duk gidanmu ɗakinta ne kaɗai na bulo mai rufin kwano, wanda wuta ba ta kamawa da wuri. Gadonta na ƙarfe an kwance shi an jingina a bango, an rufa masa tsohon buhu. Kwanukan jerenta suna kife a ƙarƙashin rumfa.

Gwaggo ta fito ta ga inda nake kallo.

"Ita ta ce a zuba nan," ta ce a hankali. "Babanka ya so a saida rabi, ta ce ba a saida hatsi da kaka. Ta kwashe kayanta da kanta tun kahin motar ta tashi zuwa Batsari."

"To ina take kwana?"

Gwaggo ta nuna madafi da haɓa. Ɗan ɗaki ne na kara da jinka, bango baƙi ƙirin da hayaƙi. A gefen murhu na hango tabarma a naɗe da bargo, ƙunshin tufafinta yana rataye a jikin azara. Sai a lokacin na tuna inda na taɓa ganin atamfar nan mai ruwan ganye. Da ni ɗa ne kamar sauran, mai shiga ɗakin uwarsa ya zauna a bakin gado, da tun ranar da aka sauko da katifar na gane ta.

Inna tana ciki tana tuƙa tuwo, ta ba ƙofa baya. Na matsa na durƙusa a bakin madafin, hayaƙi yana shiga idona, na ce, "Inna, ina wuni." Ta amsa ba ta juyo ba. Na ce, "Inna," na sake cewa, "Inna." Ta ci gaba da tuƙi, muciya tana bugun tukunya. Can ta ɗan karkata kai wajen Gwaggo.

"Ki tambaye shi, katihwar ba ta yi mashi tauri ba ko? Ta kwana biyu."

Taku biyu ne tsakanina da ita. Na share idona da hannun riga, na juya wajen Gwaggo, na ce ta ce mata tana da laushi.